Farauta, hawan salla da gasar harbi: aikin uban fili da ƙa'idojin tafiya da bindiga

Akwai zamanin da idan aka ce «ƴan bindiga sun iso» a Maraɗi ko a Tsibirin Gobir, gaban kowa ba ya faɗuwa. Mutanen fada ake nufi, masu bindigar toka da ke shiga gaban sarki ranar hawan salla suna ta da hayaƙi, dawaki na zabura, yara na toshe kunnuwa suna dariya. Tun da ɓarayin daji suka addabi gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, sunan ya sake ma'ana. Yau duk wanda aka gani bisa moto da dogon abu naɗe cikin buhu sai an ƙara dubansa, kuma ba wanda zai ga laifin mai duban.

Amma bindigar da ba ta faɗa ba tana nan. Tana hannun maharbin da ya gaji sana'ar daga kakansa, da ɗan fadar da ke ajiye tasa daga salla zuwa salla, da ma'aikacin da ya sayi kalibar 12 don zabi da kurciya, da ɗan wasan da ke harbin allo a gasa. Haɗari biyu ne ke jiran dukansu: harsashi ya tafi inda ba a aike shi ba, ko a tare mutum a shingen jandarma da makamin da ba shi da takarda, ko wanda aka ɗauko ba bisa ƙa'ida ba. Na farkon ana tare shi da mutum guda da aka ba ikon cewa «tsaya» kowa ya tsaya. Na biyun kuwa sai takardu da sanin yadda ake tafiya da makami.

Inda ake harbi ba don faɗa ba

A Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, da sauran garuruwan jahar, harbin nishaɗi ya fi fitowa a wuri uku: farautar gayya da ake fita da rani bayan an kau da amfanin gona, hawan salla, sai bukukuwa irin naɗin sarauta da tarbar babban baƙo. Al'adar ba ta jiya ba ce. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ana ƙera masa igwa a Zinder, kuma fadojin ƙasar Hausa da dama sun riƙe sarautar Sarkin Bindiga. Hawan sallar Kano, inda har gobe masu bindigar toka ke cikin jerin gwano, ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamba 2024. Kafin shi, a 2021, an shigar da wasan dawakin Maroko da ake kira tbourida, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki bindigoginsu lokaci guda. Abin lura a wasan Maroko shi ne ba wanda ke harbi da son ransa: shugaban ayari ne ke ba da alama, kuma darajar ayarin ita ce a ji ƙarar kamar ta bindiga ɗaya.

Harbi a matsayin gasa yana da tasa duniyar. Yana cikin wasannin Olamfik tun na farko, na Atina a 1896. Hukumar da ke kula da shi, ISSF, an kafa ta a 1907, mazauninta na birnin Munik a Jamus. Ana harbin allo daga mita 10 da bindigar iska, daga mita 25 da ƙaramar bindiga ta hannu, daga mita 50 da doguwa, sannan akwai harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama kamar tsuntsu. A wasannin Paris na 2024 an yi gasar harbi a Châteauroux, nesa da babban birnin, kuma Alƙahira ta karɓi gasar duniya a watan Oktoba 2022. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su, na Issaka Daboré a 1972 da na Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016, dambe da taekwondo suka kawo su, ba harbi ba. Duk da haka dokokin waɗannan filaye suna da amfani ga mai bindigar toka a Kornaka, domin an rubuta su ne bayan an ga yadda mutane ke mutuwa.

Wane ne uban fili

A filin harbi na Faransa ana ce masa directeur de tir, a gasa kuma alƙali ne. Da Hausa ba sunan da ya fi dacewa da shi kamar uban fili, tun da an riga an san uban farauta. Aikinsa ba koyar da saiti ba ne, ba kuma ƙirga maki ba. Aikinsa ɗaya: kowa ya koma gida da ƙafarsa. Don haka shi ba ya harbi ranar da yake aiki. Yana tsaye bayan masu harbi, inda zai ga hannuwansu da bakin bindigoginsu, idonsa ba ya kan allo.

Kafin kowa ya iso ya zagaya filin. Ya duba tudun ƙasar da ke bayan allo, wanda shi ne zai haɗiye harsashi, ya tabbata ba dutse ko ƙarfe a jikinsa. Ya shata layin harbi da layin ƴan kallo, ya kafa jar tuta, ya san hanyar da mota za ta bi idan an ɗauki mai rauni. Bayan haka ya tara mutane ya faɗa musu ƙa'ida da baki, ko da sun ji ta sau ɗari.

A dokar ISSF umurni huɗu ne ke tafiyar da fili: a ɗura, a fara, a tsaya, a sauke harsashi. Ba mai sa harsashi cikin bindiga kafin na farko, ba mai harbi kafin na biyu. Idan aka ce a tsaya, ko mutum ya gama saiti yatsansa na kan kunama, sai ya janye. Wanda ya harba bayan haka ba da izini ba ana iya korarsa daga gasar. Duk bindigar da ba a aiki da ita a buɗe take, an zura mata wata ƴar tuta mai launin lemo mai ƙyalli a mazaunin harsashi, yadda daga nesa kowa zai ga ba komai a ciki. A bindigar iska zaren tutar sai ya ratsa bututun gaba ɗaya ya fito ta baki. Idan wani ya wuce gaban layi don sake allo, ba wanda ke taɓa bindiga, ko da gyara mata zama ne. Kuma ɗan wasa ba ya mai da makaminsa cikin jaka ya bar layi sai alƙali ya duba da idonsa. A harbin faifai bindigar a karye ake yawo da ita, ba kartush a ciki, sai mutum ya hau wurin tsayuwarsa ya fuskanci fili.

Akwai wata hukumar, IPSC, da aka kafa a Amurka a 1976, wadda a gasarta mai harbi yana tafiya ne daga allo zuwa allo. A can kowane ɗan wasa yana da alƙali a bayansa kamar inuwa. Bakin bindiga ya karkata ya wuce kusurwar da aka yarda, ko makamin ya suɓuce ya faɗi, ko yatsa ya shiga wurin kunama lokacin sake gidan harsashi, to gasa ta ƙare ga mutumin a ranar, ko shi ne zakaran duniya. Ba roƙo, ba «a yi haƙuri».

Nan ne wahalar take a wajenmu. Ƙa'idojin kansu ba su da wuyar riƙewa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba a nufin harbi, yatsa ya nisanci kunama sai an yi niyyar harbi, a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Wuyar ita ce samun wanda zai iya ce wa dattijo, ko ɗan sarki, ko mai kuɗin da ya sayi albarushin bikin, «ranka ya daɗe, a sauke bakin bindigar». Uban filin da ke jin nauyin manya ba shi da amfani. Shi ya sa ya fi kyau mai gari ko sarki ya naɗa shi a bainar jama'a, ya ce maganarsa a fili maganar fada ce. Kalmar «tsaya» kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. A filayen harbi da yawa kowa yana da ikon furta ta, har yaron da ya hango akuya ta shigo. Uban fili ne kaɗai ke da ikon cewa a ci gaba.

Uban farauta da abin da ya rage masa

Farautar gayya tana da shugabancinta tun fil azal. Uban farauta ke sa rana, ya zaɓi dajin da za a shiga, ya raba gardama idan mutum biyu suka yi ikirarin zomo ɗaya, gangi kuma ya tara mutane ya sallame su. Tsarin an gina shi ne a kan kare da gora da kere da baka. Da bindiga ta shigo cikin taron da samari ke rugawa gaba bayan nama, sai lissafin ya sake: mai kere idan ya kuskure, wani ya kwana da kumburi; mai kalibar 12 idan ya kuskure, sai jana'iza.

Maharban Faransa, da su ma suke farautar gayya don gursunan daji, suna da wata dabara mai sauƙin kwaikwayo. Masu bindiga suna tsayuwa a jere, kuma ba wanda ke harbi cikin kusurwar digiri 30 daga maƙwabcinsa na dama ko na hagu. Ba a bukatar ma'auni: mutum ya yi taku 5 wajen maƙwabcinsa, ya juya ya yi taku 3 wajen da zai harba, ya kafa sanda. Tsakanin sandar da maƙwabcin haramtacce ne, ko wane irin nama ya gitta. Tun 2020 kuma dokarsu ta wajabta riga mai launi mai ƙyalli a irin wannan farauta. Maharbinmu ya saba da baƙar riga mai layu wadda ke sajewa da daji, abin da ke ɓoye shi ga barewa, ya kuma ɓoye shi ga ɗan'uwansa mai bindiga.

Abin da uban farauta zai ƙara a kan aikinsa na gado bai taka kara ya karya ba: ya ƙirga masu bindiga kafin a shiga daji, ya ware su daga masu kora, ya hana ɗuri sai an isa, ya sa a sauke kafin a taru wurin rabo. Wanda ya sha wani abu da ke juya kai, ƙwaya ce ko wani abin, a karɓe makaminsa ya bi sahun masu kora.

Nisan da harsashi ke ci

Mutane da yawa suna auna haɗarin bindiga da nisan da take kashe nama. Kuskure ne. Ƙwayoyin dalmar kartush da ba sa kashe zabo bayan mita 40 ko 50 suna ci gaba da tafiya. Akwai wani lissafi na wani hafsan Faransa mai suna Journée da maharba ke amfani da shi: a ninka kaurin ƙwayar, a milimita, sau 80, a sami nisan da za ta iya kaiwa a mita. Ƙwaya mai milimita 3 ke nan tana kai mita 240, kuma tana iya tsiyaye ido. Kartush mai dunƙulen dalma guda yana wuce kilomita 1. Ɗan ƙaramin harsashin 22, wanda ake rainawa, yana wuce kilomita ɗaya da rabi.

A ƙasar Dakoro wannan lissafi yana da nauyi. Daga kwarin Tarka zuwa arewa ƙasar makiyaya ce. Bayan tudun rairayin da ake ganin ba kowa, ana iya samun ruga, ko rijiya da mata a bakinta, ko yaro da tumakinsa. Lokacin hazo ido ba ya kai inda harsashi ke kaiwa. Fako mai tauri da fuskar tabki duka suna sa harsashi ya yi tsalle ya sake hanya. Harbin sama na murna da harsashi na gaske kuwa ba shi da wata fuskar kariya: abin da ya hau sai ya sauko, kuma a kan wani zai iya sauka.

Kunne ma yana biyan nasa. Ƙarar bindigar farauta tana wuce desibel 140, matakin da harbi guda ke iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. Tsofaffin maharba da ake yi wa magana da ƙarfi ba tsufa kaɗai ya taɓa su ba. A filin gasa ana toshe kunne, a sa tabarau. A wurin biki aƙalla a nisanta jarirai da ƙananan yara.

Bindigar toka

Sunanta na barkwanci, harba-ka-ruga, ya faɗi halinta. Ta baki ake ɗura ta, ba ta buɗewa ta baya, saboda haka ba yadda za a leƙa a ga ko akwai wani abu a ciki. Mutum ya ɗura ta ranar ƙaramar salla bai harba ba, ya jingine ta bayan ƙofa, ranar layya ya mance ya sake ɗurawa a kan na farko: ɗuri biyu a bututun da maƙerin gari ya yi, sai ya tsage a hannun mai shi. Maganin wannan yana da arha. A zura sandar ɗuri cikin bindigar lokacin da aka tabbata ba komai a cikinta, a yi wa sandar tsaga daidai bakin bututu. Duk ranar da tsagar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki.

Masu gasa da irin waɗannan tsofaffin bindigogi a Turai, da ke da hukumarsu tun 1971, sun haramta zuba albarushi kai tsaye daga babban mazubi zuwa cikin bututu. Kowane ɗuri ana auna shi a ɗan kwanso nasa daban. Dalili: bayan harbi wani lokaci garwashi kan rage a ciki, idan ya kama, gara ya cinye awo guda da ya tashi da gora cike a hannun mutum, kusa da fuskarsa. Don haka ne ma ba a sunkuyar da kai bisa bakin bindiga lokacin ɗuri, ba a shan sigari kusa, ba a ɗana kunama sai an tsaya wurin harbi. Garin da ke cikin kartush na zamani kuma ba albarushin toka ba ne. Ƙarfinsa ya ninka, kuma wanda ya farke kartush ya juye cikin bindigar gargajiya ya haɗa wa kansa bam.

Idan aka ja kunama bindiga ta yi shiru, ba a juyo ta a leƙa. Wuta kan yi jinkiri ta kama daga baya. A riƙe bakin yana kallon inda ba kowa, a jira: daƙiƙa 30 ga mai kartush, minti guda ko fiye ga ta toka.

Sai maganar «ai ba harsashi a ciki, toka ce kawai». Iskar da ke fita da tsumman da aka danne albarushi da shi suna iya fasa ido, su ƙone fuska, a kusa kuma su kashe. Ranar hawa bakin bindiga sama yake kallo, nesa da fuskar mutane da kunnen doki, kuma ya kamata Sarkin Bindiga ko wakilinsa ya duba kowace ɗaya kafin a fito daga fada. Wanda ke ganin wannan duba raini ne ga gwanaye ya tuna da abin da ya faru a Carcassonne ta Faransa ranar 29 ga Yuni 2008. Sojoji ne ƙwararru ke nuna wa jama'a atisaye a barikinsu da harsashin wasa, sai aka sami na gaske a gidan harsashin wani saje. Sama da mutum 15 suka ji rauni, har da yara, kuma bayan kwana biyu babban hafsan sojojin ƙasa, Janar Bruno Cuche, ya ajiye aikinsa.

Masu kalibar 12 su ma suna da nasu tarkon. Kartush na kalibar 20 ya fi siriri. Idan ya shiga bindigar 12 sai ya zurma cikin bututu ya maƙale, mutum ya ga wurin wayam ya ƙara na 12 a baya. Ba a haɗa kala biyu a aljihu ɗaya. Bakin bindigar da ya caki ƙasa kuma sai an buɗe an duba, domin rairayi kaɗan ya isa ya toshe shi.

Takardu

A Nijar tushen doka shi ne haramci: kundin hukunta laifuka ya hana shigo da bindiga da harsashi da albarushi, da sayar da su, da ɗaukarsu daga wuri zuwa wuri, da ajiye su, sai ga wanda aka ba izini. Wanda ya saɓa yana fuskantar kaso da tara da ƙwace makamin. Dokar da ta tsara mallakar bindigogin farauta da na harbin wasa ta samo asali tun daga ƙuduri mai lamba 63-074 na ranar 23 ga Afrilu 1963, kuma ofishin ministan cikin gida ne ke da alhakin izinin. Izinin na mutum ɗaya ne a kan makami ɗaya. Takardar uba ba ta rufe ɗa, ta wa ba ta rufe ƙane, kuma bindigar gado sai magaji ya nemi tasa takardar. Makamin yaƙi kuwa ba shi cikin lissafin farar hula sam. Hukumar CNCCAI, mai tattara haramtattun makamai, wadda aka kafa a 1994, ita ce ƙofar wanda ke son miƙa makamin da ke hannunsa; da irin wannan aiki aka ƙone makamai sama da 1.000 a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000.

Takardar bindiga ba takardar farauta ba ce. Farauta tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ke kula da ita. Dokar ta tanadi izini kala-kala, ciki har da na farautar gargajiya da na farautar wasa, ta kuma hana farauta bayan an rufe lokacinta, da farautar dare ko da fitila ko babu, da bin nama cikin mota ko bisa moto, da kora da wuta, da guba, da makamin yaƙi. Gandun Gadabeji, da ke arewa da Dakoro cikin gundumar Bermo ta yanzu, a rufe yake ga kowace irin farauta. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76.000, UNESCO ta amince da shi a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Wanda aka tarar da bindiga a cikinsa, ko takardunsa sun cika, yana da dogon bayanin da zai yi.

A kan hanya

Ƙa'idar tafiya da makami ta girmi bindiga. A hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, an umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Dokokin zamani ba su wuce wannan ma'ana ba: makami a hanya ya kasance ba zai iya tashi nan take ba. Dokar Faransa haka ta faɗa, ko dai a sa wa kunama kwaɗo, ko a cire wani sashe da in babu shi bindiga ba ta aiki. Maharbi kuma ba ya sa ta a mota sai an sauke harsashi, an kwance ta ko an sa ta a kube.

A aikace, mai kalibar 12 ya cire kartush, ya raba bututu da gindi, ya sa a jaka mai rufewa, kartush kuma a wata jaka daban. Ta toka ba ta hawa mota ko amalanke a ɗure; in an ɗura ba a harba ba, a sauke ta a inda ba kowa kafin a kama hanya. Albarushi a mazubi mai murfi, nesa da injin moto da zafin rana da ashana. Rataya bindiga a kafaɗa bisa kabu-kabu, bakinta na kallon wanda ke biye, ko cusa ta ƙarƙashin kujera a motar tasha tsakanin ƙafafun fasinja, ganganci ne da aka saba gani har ya daina ba da tsoro. Ana kuma bin hanya kai tsaye, daga gida zuwa wurin farauta ko biki. Ba a ratsa kasuwa da ita, ba a barin ta cikin mota a tafi cin tuwo.

A shinge, mai makami ne ya kamata ya fara magana. Ya kashe inji, hannuwansa a fili, ya ce yana ɗauke da bindigar farauta a kwance, ga takardunta, ga katin ɗan ƙasa. Kada ya kai hannu ga jakar sai an ce ya buɗe. Lambar da ke jikin makamin ta dace da ta takarda. Ayarin maharba ko na ƴan fada da za su wani gari biki su sanar da mai garinsu da jandarma kafin su tashi, su kuma yi tafiyar da rana. A halin da ake ciki, mutum goma bisa moto da bindigogi da almuru ba wanda zai tsaya tambayarsu ko farauta za su.

Iyaka kuma iyaka ce. Izinin Nijar ba ya aiki a Najeriya, wadda ke da tata dokar makamai tun 1959, inda ko bindigar toka sai da lasisin ƴan sandan jiha. Maharbin da aka gayyata biki Katsina ko Jibiya ya tsallaka ta Ɗan Isa da makaminsa ba da izinin ƙasashen biyu ba, a idon doka mai fasa-ƙwaurin makami ne, ko da gangi na binsa. A jirgin sama, ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya ta yarda da harsashin wasa ko na farauta har kilo 5 ga fasinja guda, cikin kwalinsa, a kayan da ake sawa a cikin jirgi ba na hannu ba, kuma da amincewar kamfanin tun kafin ranar tafiya. Bindigar a sauke, cikin akwati mai kwaɗo, a bayyana ta wurin awon kaya. Albarushin toka ba ya shiga jirgin fasinja ko kaɗan.

Idan abin ya faru

Ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma jini yana jiran minti ne, ba rana ba. Uban fili ya tsai da harbi, a sauke duk bindigogi, sannan a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi ba sassautawa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tam sama da raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita. Ba a tonon dalma da wuƙa, ba a zuba toka ko ƙasa a ciwo, ba a tsayawa neman mai magani. A nufi CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro, a kira tun daga hanya.

Bindigar da ta yi ɓarnar a ajiye ta gefe kamar yadda take, kada a wanke ta, kada a ɓoye. Uban fili ya riƙe sunayen waɗanda ke wurin da inda kowa ya tsaya, a sanar da jandarma a ranar. Haka ma idan makami ya ɓata ko aka sace shi: mai shi ya kai rahoto nan da nan, ya karɓi shaida a rubuce, domin lambar da ke jikin bindigar sunansa take ɗauke da shi duk inda ta je.